Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daga Mujalla Zuwa Ƙauye

A makon jiya na tsaya a inda na kammala digiri na uku a fannin lafiyar al'umma, na kuma zaɓi ciwon suga da hawan jini su zama aikina. Abokan karatuna da yawa sun nufi zazzaɓin cizon sauro, domin can tallafi ya fi yawa, amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙiyasin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya na 2021, wanda ya nuna cewa manya miliyan 24 ne ke da cutar a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba. Na san waɗannan mutane, domin a cikinsu na tashi, a wani ƙauye na ƙasar Ringim.

Duk garin da muka shiga, sai mun fara gaida dagaci, shi kuma ya sa mai shela ya sanar cewa kada kowa ya karya sai an gwada shi. Muna fara aiki bayan sallar asuba, saboda gwajin yana buƙatar mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci komai ba, wanda kuwa na'ura ta nuna sugan jininsa ya kai 126 ko fiye, sai mu sake gwada shi wata rana kafin mu ce masa komai. Kasancewata mace ya ba ni damar shiga gidajen da maza ba sa shiga, kuma a can na ga abin da ya zama ginshiƙin rubutuna. Akwai wata dattijuwa siririya, mai gyambo a ɗan yatsan ƙafa wanda ya ƙi warkewa tun kaka, tana kwana tana fita fitsari, ƙishirwa kuma ba ta barinta. Ta ce mini, "'Yata, an ce sammu ne, kuma ba irin jiƙon da ban sha ba." Na ce, "Inna, suga ne, kuma akwai maganin da zai sauke shi."

Manyan binciken da aka yi a Finland a 2001 da Amurka a 2002 sun tabbatar cewa rage ƙiba da motsa jiki na rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100. Aiki ne nagari, sai dai an yi shi a kan masu ƙiba, alhali matar da ke surfe da daka da ɗebo ruwa kullum ba motsa jiki ta rasa ba. Abin da maƙalata ta farko ta kare ke nan: idan malamin lafiya ya jira sai ya ga mai teɓa kafin ya ɗauko na'ura, marasa lafiya da yawa za su wuce shi.

A jami'a ana auna mai bincike da yawan waɗanda suka kafa hujja da rubutunsa, da shi ake samun ƙarin girma, kuma ban raina wannan ba, domin ta nan ne wasu masana suka nemi mu yi aiki tare. Amma na fi farin ciki ranar da na tarar da malamin wani asibitin sha-ka-tafi yana tsira yatsan duk wanda ya zo da gyambon da ya daɗe, ko da ramamme ne, yana kuma auna masa hawan jini a zama ɗaya.

Ni ma na ci gajiyar binciken wasu. Mahaifin wani yaro da aka ɗora a kan allurar insulin ya tambaye ni, "Likita, mu da ba mu da wuta balle firji, ina za mu ajiye ta?" A 2021 masana daga Jami'ar Geneva da ƙungiyar likitoci ta MSF sun nuna cewa insulin ɗin da ake amfani da ita tana riƙe ƙarfinta na mako 4 a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37, irin wanda suka auna a sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya. Tun da zafin bazararmu yakan wuce haka, na ce ya sa kwalbar a ƙaramar tukunya, ya binne ta a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ya kuma rubuta ranar da ya buɗe ta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda muka zauna da limamai kan batun masu suga da azumin watan Ramadan.