Ɗakin hoton ciki da cutar kumburin fankiriyas

Sana'ata ita ce ɗaukar hoton cikin mutum da na'urar sikanin, kuma ina da ƙaramin wuri a Birnin Kebbi inda muke haɗa wannan aiki da gwajin jini da na fitsari. Ni nake riƙe da na'urar, akwai masanin gwaje-gwaje mai lasisi da ke kula da ɗakin gwaji, da ma'aikaciyar da ke karɓar takardu da kuɗi, sai kuma likitan da muke tura wa hotunan da suka fi ƙarfinmu domin ya sa ido a kansu. Yawancin masu zuwa wurinmu mata ne masu juna biyu, bayansu sai masu ciwon hanta da na ƙoda da dattawan da fitsari ke yi wa wuya, daga cikin gari da Kalgo da Jega da Argungu da Bunza. Da kuɗin waɗannan ake biyan haya da albashi, a sayi man janareta da takardar buga hoto. Cutar da nake son yin bayani a kanta ba ta cikin masu kawo ciniki, domin ba kullum ake ganinta ba, amma babu wadda ta kai ta nuna iyakar abin da ƙaramin wuri irin namu zai iya yi. Wannan cuta ita ce kumburin fankiriyas na farat ɗaya.

Fankiriyas gaɓa ce doguwa da ke kwance a can ƙuryar ciki, bayan tumbi, kanta yana cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, wutsiyarta kuma tana kaiwa kusa da saifa. Ita ke samar da insulin mai daidaita sukari a jini, ita ce kuma ke fitar da ruwan da ke narkar da nama da maiƙo da tsaba. Sinadaran da ke cikin wannan ruwa ba sa fara aiki sai sun isa hanji, amma idan wani dalili ya sa suka farka tun suna cikin gaɓar, sai su shiga cin naman da ya samar da su, wurin ya kumbura, kumburin kuma yana iya bazuwa ya taɓa huhu da ƙoda da gudun jini. Bututun fankiriyas da bututun da ke sauko da ruwan matsarmama suna haɗuwa su shiga hanji ta ƙofa guda, shi ya sa ƙaramar tsakuwa da ta fito daga matsarmama ta maƙale a wannan ƙofa take iya tayar da cutar gaba ɗayanta.

Ciwon yakan kama a saman ciki, daidai ƙarƙashin ƙirji, ya ratsa zuwa gadon baya, tare da amai da ba ya kawo sauƙi. Mai shi ba ya son kwanciya rigingine, ya fi son ya zauna ya duƙa gaba ya riƙe cikinsa. A wurinmu kusan duk ciwon da ya kama wannan waje olsa ake ce masa, saboda haka kafin a zo gare mu an riga an biya ta kemis an sha maganin olsa, wani lokaci an haɗa da jiƙo, an yi kwanaki ana jiran ya lafa. Wannan jinkiri shi ne abin da ya fi damuna, domin a kwana biyun farko ne ƙarin ruwa da kulawar asibiti suka fi amfani.

Likitoci suna tabbatar da cutar ne da ƙa'idar da masana suka tsara a birnin Atalanta na Amurka a 1992, aka sabunta ta a 2012. Ana neman abu biyu daga cikin uku: ciwon irin wanda na bayyana, ko hauhawar sinadarin laifes ko amiles, waɗanda ke cikin ruwan narkar da abinci na fankiriyas, a jini har ya ninka iyakar lafiya sau uku, ko hoton da ya nuna kumburin. Ma'anar wannan ita ce sau da yawa ciwo da gwajin jini sun isa, ba sai an ga gaɓar a hoto ba. Amiles yakan sauka bayan kwana uku zuwa biyar, laifes kuwa yakan daɗe fiye da mako guda a sama, don haka ga mutanenmu da ke zuwa a makare laifes ya fi dacewa. Sinadarin gwajinsa yana da tsada, sai an ajiye shi a firji, ga shi ba a yawan nema, wani lokaci kwalba ta lalace ba a ƙarar da ita ba. Duk da haka na yanke shawarar mu riƙa ajiye shi, mu bar ribar sauran gwaje-gwaje ta rufe asarar, saboda sakamakon amiles da ya nuna lafiya lau a rana ta shida yana iya sa a sallami mutumin da ya kamata a kwantar.

Game da na'urata kuwa, gaskiyar da ba kowane mai wuri ke son faɗa ba ita ce sikanin ba ya yawan ganin fankiriyas a lokacin da ake matuƙar son ganinta. Kumburin yana sa hanji ya daina motsi ya cika da iska, sautin da na'urar ke aikawa kuma ba ya ratsa iska, sai fuskar na'urar ta rufe kamar yadda hazo ke rufe gari. Abin da sikanin ya ƙware a kai shi ne matsarmama da bututunta, kuma can ne ake samun sanadin da ya fi yawa a duniya, wato tsakuwa.

An taɓa kawo mini wata mata daga wajen Jega, tana duƙe a kan kujera ta kasa miƙewa, mijinta yana cewa, "Malam, don Allah a duba mana da kyau, olsarta ce ta tashi, mun ba ta magani ya ƙi ji." Da ƙyar ta kwanta. Na shafa man hoto, na ɗora kan na'urar a ƙarƙashin ƙirji, ban ga komai ba sai iska. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki juya ta gefen hagu, ki ja numfashi ki riƙe." Da na koma ƙarƙashin haƙarƙarin dama sai ga matsarmama cike da ƙananan tsakuwoyi masu haske, kowace da baƙar inuwa a bayanta, bututun kuma da bai kamata ya wuce kimanin milimita 6 ba ya buɗe fiye da haka. Da na dubi idonta a hasken taga sai na ga alamar ciwon shawara, jikinta kuma da zafi. Na ce wa mijin, "Alhaji, wannan ba ta gida ba ce, yanzu za ku wuce asibiti, kada ku tsaya jiran sakamakon jini, za mu aika muku da shi." A takardar na rubuta abin da na gani, na kuma rubuta ƙarara cewa iskar hanji ta hana a ga fankiriyas. Wannan jimla tana da muhimmanci a wurina, domin idan aka rubuta cewa ba a ga matsala ba alhali gaɓar ce ba a gani ba, likitan da ke cikin gaggawa zai ɗauka lafiya lau take.

Tsakuwar matsarmama ta fi samun mata, musamman masu jiki da waɗanda suka yi haihuwa da yawa, amma a yankinmu akwai wasu da ba a cika tunawa da su ba, wato masu sikila, waɗanda yawan fashewar ƙwayoyin jininsu ke haifar musu da baƙar tsakuwa tun suna ƙanana. Sanadi na biyu a duniya shi ne giya, kuma a gari irin namu ba tambayar da ake yi a gaban iyali ba ce, sai likita ya keɓe da mutum ya tambaye shi cikin sirri da mutuntawa. Akwai yawan maiƙo a jini, idan nau'in da ake kira tiraigilisarayid ya haura miligiram 1,000 a kowace desilita, wanda ake yawan gani ga masu ciwon sukarin da ba a kula da shi ba. Akwai yawan sinadarin kalsiyam a jini, da wasu magunguna, da hangum, da bugun da kan babur ko keke ke yi wa ciki a haɗari. Doguwar tsutsar ciki tana iya shiga bututun ta toshe shi, kuma sikanin yana nuna ta. Gubar wasu magungunan feshin ƙwari ma tana jawo cutar, abin da ya kamata manoman shinkafarmu na fadama su sani.

Hoton da ke nuna fankiriyas sosai shi ne siti-sikan wanda ake yi da allurar ruwan haska jijiyoyi, kuma mu ba mu da shi, sai manyan asibitoci, wasu iyalai ma sukan nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Dangi sukan zo mini da zafinsu suna son a yi shi tun ranar farko, suna ganin hoto mai tsada shi ne kulawa. Nakan bayyana musu cewa idan likita ya riga ya tabbatar da cutar, hoton ranar farko ba ya ƙara komai, saboda naman da ya mutu ba ya bayyana sosai sai bayan awa 72 zuwa 96 da fara ciwon. Ana gaggauta shi ne idan ana shakkar ko wata cuta ce daban, kamar hujewar hanji, ko idan majiyyaci yana ƙara tsanani. Ruwan allurar kuma yana iya wahalar da ƙodar da ta riga ta galabaita, shi ya sa ake gwada ƙoda kafin a yi. Kuɗin da za a kashe a mota da hoton da bai yi lokaci ba gara a riƙe shi domin gado da ruwa da magani.

Maganin kansa aikin likitoci ne, amma ina bibiyar abin da ake yi domin in san abin da zan gaya wa mutane. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu cutar nau'i mai sauƙi suke yi, su warke cikin mako guda da ƙarin ruwa da maganin ciwo mai ƙarfi. Ruwan ƙarin da ake kira Ringa laktet aka fi so, kuma wani bincike da aka jagoranta daga Sifen aka buga a 2022 ya nuna cewa ɗura ruwa da yawa fiye da kima yana cika jiki ba tare da ƙarin amfani ba, don haka a hankali ake ba shi ana auna fitsari da numfashi. An bar tsohuwar al'adar hana abinci na kwanaki, yanzu da zarar amai ya tsaya ake fara ba da abinci marar maiƙo, wanda ya kasa ci kuma a sa masa robar hanci. Ba a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta don rigakafi kawai, sai an ga shaidar ƙwayoyin sun shiga. Idan tsakuwa ta toshe bututu har ga zazzaɓi da shawara, ana buƙatar a zura na'ura ta baki a cire ta cikin gaggawa, aikin da ba kowane asibiti ke yi ba. Cutar tana zama mai tsanani idan huhu ko ƙoda ko gudun jini suka gaza fiye da awa 48, irin wannan kuwa sai ɗakin kulawa ta musamman.

Inda ƙaramin wuri ke sake yin amfani shi ne bayan an wuce kwanakin farko. Ruwa yakan taru a gefen fankiriyas, yawancinsa jiki yana shanye shi da kansa, amma wanda ya wuce mako huɗu yakan yi bango ya zama jaka, kuma a lokacin iskar hanji ta ragu, sikanin yana nuna shi da kyau. Jakar da ke ɗauke da ruwa zalla baƙa ƙirin take fitowa, wadda ke ɗauke da mataccen nama kuwa za a ga tarkace a cikinta, kuma bambancin yana da amfani ga likita domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Nakan auna tsawonta da faɗinta a kowane zuwa, in duba ko ruwa ya taru a ƙasan huhun hagu, in kunna launin da ke nuna gudun jini in ga ko jijiyar saifa ta toshe. Wannan launi yana kare rai, domin wani lokaci abin da ya yi kama da jakar ruwa jijiya ce ta kumbura, wadda idan aka soka mata allura jini zai ɓalle. Jakar da ba ta damun mai ita ba a taɓa ta, sai idan tana hana cin abinci, ko tana ciwo, ko ƙwayoyin cuta sun shige ta. Ko da mataccen naman ya ruɓe, tun bayan binciken da aka yi a Holan aka buga a 2010 likitoci sun fi karkata ga fara sa ƙaramar roba a tsiyaye shi tare da magani, a jinkirta babbar tiyata sai ta zama dole.

A nan akwai jarabawa ga mai sana'a, domin majiyyacin da ya tsorata zai yarda ya biya kuɗin hoto kowane mako idan aka ce masa ya dawo. Ƙa'idarmu ita ce ba ma sake ɗaukar hoto sai da takardar likita ko sabuwar alama, irin su zazzaɓi, ko dawowar amai, ko kumburin ciki. Abin da muke nacewa a kai wani abu ne daban. Wanda tsakuwa ta jawo masa cutar, idan mai sauƙi ce, shawarar masana ita ce a cire masa matsarmama tun kafin a sallame shi, saboda tsakuwar da ta rage tana iya sake faɗowa cikin makonni kaɗan. Mutanenmu da yawa da zarar ciwo ya lafa sai su ce a bari sai bayan girbi ko bayan salla, wasu kuma suna tsoron cewa ba a rayuwa ba tare da matsarmama ba. Nakan zaunar da su in nuna musu tsakuwoyin a fuskar na'ura, in bayyana cewa hanta ce ke yin ruwan, matsarmama ma'ajiya ce kawai, kuma bayan an cire ta ruwan zai ci gaba da sauka hanji. Duk wanda ya yi nau'i mai tsanani kuma muna rubuta masa ranar da zai dawo gwajin sukari, domin fankiriyas da ta rasa wani ɓangare nata tana iya kasa samar da isasshen insulin bayan watanni ko shekaru.