Bencin makaranta da kuɗin gwamnati

Mu masu haɗa bencin makaranta, kasuwarmu a hannun gwamnati take. Albashi da biyan bashi dole ne a fitar da su, ko ana ha-maza-ha-mata. Amma kuɗin gina aji da sayen kujeru sai an ga dama, kuma su ake fara datsewa idan kuɗin mai ya ja baya. A 2016, da farashin ɗanyen mai ya faɗi, zarto ya yi shiru a layinmu. A 2020 ma, lokacin korona, sai da aka sake lissafin kasafin tarayya, aka sauke farashin gangar mai da aka gina kasafin a kai daga dala 57 zuwa 28, mu kuma muka koma gyaran ƙofa da gadon amarya.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, amma sai jiha ta zuba nata kason kafin ta ɗauka. Ranar da ta zuba, aiki ya zo mana, kuɗin ba ya tsayawa a aljihuna. 'Yan katako na Na'ibawa a Kano su samu, mai kura ya samu, mai ƙusa da mai fenti, har mai kawo wa yarana shinkafa da wake.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan kwangilar sha-yanzu-magani-yanzu. Su karɓi aiki, su kai wa wanda jiya ya fara riƙe guduma, a buga ɗanyen katako da ƙusa, a lulluɓe da fenti. Kafin zango ɗaya ya ƙare benci ya wargaje, yara sun koma zaman ƙasa, a sake ware wani kuɗin.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ba ya barin mu taɓa katako sai ya sha iska a inuwa. Ya ƙwanƙwasa shi, ya saurara, ya ce, "Yaro, wannan da sauransa." A wurinsa na koyi huda ƙafa a cusa sanda a ciki da gam, ƙusa ta zama ƙari kawai. Haka muke yi har yau, da madaci idan ya samu, a goge kowane gefe don kada sartse ya soki yaro ko ya yaga masa wando. Ɗan kwangila zai ce mun yi tsada. Ya je ajin da muka kai wa kaya, ya hau bencin ya yi tsalle.