Mako na uku da soket: yadda harafin ƙ ya nuna mini ainihin halin TCP

'Yan'uwa masu koyo, yau mako uku ke nan da na fara rubuta wata ƙaramar manhajar uwar garke da harshen C a kan Linux, ga kuma bayanin inda na kai. Abin da nake so ta yi bai da yawa: ta zauna tana jira a kan wata ƙofa, duk wanda ya haɗu da ita ta TCP, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen aika wa juna bayanai ta hanyar sadarwa, ya aiko da layin rubutu, ita kuma ta nuna layin a allo sannan ta mayar masa da amsa. Na zaɓi C maimakon Python ne domin ina son in ga kiraye-kirayen soket, wato mashigar da manhaja ke aikawa da karɓar bayanai ta cikinta, a fili, kusan yadda aka tsara su tun 1983, shekarar da suka fito a cikin 4.2BSD daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley.

Makon farko ya tafi ne a kan jerin kira huɗu: socket mai ƙirƙirar soket, bind mai ɗaura shi a kan adireshi da ƙofa, listen mai sa shi sauraro, da accept mai karɓar baƙo. Ukun farko ba su ba ni wahala ba. A kan accept na daɗe, domin da farko na ɗauka cewa soket ɗin da ke sauraro shi ne wanda za a yi magana da baƙo ta cikinsa. Sai da na sa manhajar ta buga lambobin da Linux ke ba kowane soket na gane: soket mai sauraro ya sami lamba 3, saboda 0 da 1 da 2 na shigarwa da fitarwa da saƙon kuskure ne, amma da baƙo ya shigo sai accept ya dawo da sabuwar lamba, wato 4. Mai sauraro kamar mai tsaron zaure yake, ba ya barin bakin ƙofa. Idan baƙo ya yi sallama sai ya haɗa shi da wani ya shiga da shi, shi kuma ya ci gaba da jiran na baya.

Kurakurai biyu na yi a wannan mako da ya kamata ku kiyaye. Na nemi ƙofa ta 8080 amma na manta da htons, mai jera bayit ɗin lamba yadda hanyar sadarwa ke so, sai umarnin ss, mai lissafa soket ɗin da ke buɗe, ya nuna mini manhajar tana sauraro a kan 36895. Dalili shi ne 8080 bayit biyu ce, 1F da 90, kwamfutata tana ajiye ƙaramin bayit a gaba, hanyar sadarwa kuwa babban take sa ran gani a gaba, shi ya sa aka karanta lambar a juye. Na biyu shi ne saƙon "Address already in use" da bind ke bayarwa idan na kashe manhajar alhali akwai baƙo a haɗe, na kuma sake tayar da ita nan take. Ɓangaren da ya fara rufe haɗi yana shiga halin jira mai suna TIME_WAIT, wanda ke riƙe ƙofar, a Linux kuma yake ɗaukar daƙiƙa 60, maganin kuwa shi ne a kunna SO_REUSEADDR, zaɓin da ke ba da damar sake amfani da ƙofar, kafin a kira bind.

Babban darasin ya zo ne a mako na biyu. Na tanadi ma'ajin karɓa na bayit 16 kawai, ina kuma buga duk abin da recv, kiran da ke karɓo bayanai daga soket, ya kawo a kan layinsa. Na haɗu da manhajar ta nc, ƙaramin umarnin da ke aika duk abin da aka rubuta zuwa wata ƙofa, na rubuta "Sannu da aiki, ƙanina". Abin da ya fito a allo layi biyu ne: na farko ya ƙare da wata alamar tambaya a inda ƙ ya kamata ya zauna, na biyu ya fara da irin wannan alama, sannan "anina". Harafin ƙ ya ɓace gaba ɗaya.

Na zauna da takarda na ƙirga. Daga S zuwa sararin da ke bayan waƙafi bayit 15 ne. A tsarin UTF-8, na mayar da haruffa zuwa bayit, harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99, kamar yadda ɗ yake C9 da 97, ɓ kuma C9 da 93. Ke nan kiran recv na farko ya kwashe bayit 15 tare da rabin ƙ, na biyu ya kawo ragowar bayit 7 da suka fara da ɗaya rabin, suka ƙare da alamar sabon layi. Babu abin da ya salwanta a hanya, kuma babu bayit ɗin da ya tsallake ɗan'uwansa. Da rubutun Turanci zalla nake gwaji, da sai dai in ga kalma ta rabu biyu in wuce, amma harafinmu mai lanƙwasa ya tilasta mini in tsaya in fahimci cewa TCP bai san saƙo ba, bai san layi ba, balle harafi. Alkawarinsa kawai shi ne bayit za su iso a jere, ba tare da giɓi ko maimaici ba. Inda saƙo ya fara da inda ya ƙare, wannan aikin mai rubuta manhaja ne.

Wani zai ce a faɗaɗa ma'ajin zuwa bayit 4096 a huta. Na gwada, kuma a kan 127.0.0.1, adireshin da kwamfuta ke magana da kanta, matsalar ta ɓuya, amma ba ta warke ba. Da na aika rabin jimla ta printf, na jinkirta daƙiƙa biyu, sannan na aika ragowar, sai recv ya sake kawo ta kashi biyu. Da na aika layi uku a jere cikin sauri kuwa, sai suka iso a dunƙule cikin kira ɗaya. A ganina wannan shi ne kuskure mafi haɗari ga mai koyo, domin manhajar za ta yi ta aiki lafiya a kan kwamfutarsa har sai ranar da ta haɗu da hanyar sadarwa ta gaske.

Gyaran da na yi shi ne, kowane haɗi yana da ma'ajin tarawa nasa. Duk abin da recv ya kawo ina ƙara shi a ƙarshen ma'ajin, sannan in nemi bayit mai lamba 10, wato alamar sabon layi. Idan na same shi sai in cire cikakken layin in yi aiki da shi, in matsar da ragowar zuwa farko, in sake nema; idan babu sai in koma jira. Wannan dabara tana da aminci ga rubutun Hausa, domin a UTF-8 duk bayit ɗin da ke cikin harafi mai bayit biyu ko fiye lambarsa 128 ce ko sama, don haka 10 ba za ta taɓa faɗowa a tsakiyar ƙ ba. Na kuma sa iyaka ta bayit 1024 ga layi, wanda ya wuce ta a yanke haɗinsa, don kada wani ya yi ta turo bayanai har ya cika ma'ajin. Shi ma send na sa shi cikin madauki, tunda yana iya aika ƙasa da abin da aka ba shi. Idan recv ya dawo da 0, baƙo ne ya rufe ɓangarensa. Idan ya dawo da -1 sai a duba errno, inda ake ajiye lambar kuskuren da ya faru.

A wannan makon na fita daga kwamfuta ɗaya. Wayata ta kasa samun manhajar har sai da na sauya adireshin bind daga 127.0.0.1 zuwa 0.0.0.0, domin na farkon cikin gida kawai yake amsawa. Daga nan na ga manhajar ta mutu ba tare da wani saƙo ba lokacin da ta ci gaba da rubutu a haɗin da aka riga aka rufe. Siginar SIGPIPE ce, wadda Linux ke aiko wa manhaja a irin wannan hali ta kashe ta, na kuma magance ta da tutar MSG_NOSIGNAL a kiran send.

Abin da ya rage mini guda biyu ne, kuma tushensu ɗaya. Manhajar baƙo ɗaya take iya saurara a lokaci guda, na biyu yana zaune a layin jiran listen har na farko ya tafi. Sannan jiya da aka ɗauke wuta na'urar Wi-Fi ta mutu, wayar ta ɓace ba tare da sallama ba, recv kuwa ya ci gaba da jiran wanda ba zai dawo ba. Ko an kunna SO_KEEPALIVE, zaɓin da ke sa a riƙa tambaya ko ɗaya ɓangaren yana nan, Linux sai ya jira daƙiƙa 7200 kafin ya fara tambaya, in ba an rage wa'adin ba. Don haka a mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan koma amfani da poll, kiran da ke sa ido a kan soket da yawa a lokaci guda, in riƙe lokacin da kowane baƙo ya yi magana ta ƙarshe, wanda ya yi shiru na minti biyar a rufe haɗinsa. Wanda a cikinku ya kai matakin recv, ina roƙonsa ya rage ma'ajinsa zuwa bayit 16 ya aika wa manhajarsa wannan jimla ta gaisuwa kafin ya ci gaba.