Mun dasa a inda ƙaguwa ba ta haƙa rami

Har yau idan na tuna dashen farko da muka yi a gaɓar Oron, jihar Akwa Ibom, raina sai ya ɓaci. Ina bautar ƙasa a lokacin, wata ƙungiya ta nemi masu taimakawa a dasa mangurof, itatuwan nan da ke tsaye cikin ruwan gishiri a kan saiwoyi masu tankwara. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawansu, amma ana ta sara don itacen girki da bandar kifi.

Tara iri bai ba mu wahala ba, domin yana tsirowa tun yana rataye a jikin uwa, ya fi taƙi tsawo, sai dai ka soka shi a taɓo. Wurin da za a soka ne ya kashe mu. Jagoranmu ya zaɓi wani fili fetal a can ƙasa, daf da bakin ruwa, saboda babu komai a kansa kuma layuka za su fito ras a hoto. Wata dattijuwa mai tsintar isam, ƙananan dodon koɗin da suke sawa a miya, ta tsaya da kwandonta ta ce masa, "Ɗana, ka ga ramin ƙaguwa ko ɗaya a nan?" Ya ce, "Mama, kada ki damu." Ta wuce abinta.

Muka yini muna nutsewa har cinya, ɓawon kawa ya tsaga min tafin ƙafa. Ruwa kuwa sau biyu yake cika ya janye a yini da dare, kuma cikarsa ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Filin namu shi ne farkon nutsewa, shi ne ƙarshen fitowa. Mangurof yana jure gishiri, amma dole saiwarsa ta sha iska tsakanin cika da cika. Kafin wata biyu wasu sun ruɓe, sauran ruwa ya tafi da su. Filin bai zauna babu itace a banza ba, kuma matar ta faɗa mana tun da safe.

Ita na nema daga baya, ta kai ni sama kaɗan, gefen tsofaffin itatuwa. Can taɓon duk huji ne. Da ruwa ya ja sai ƙaguwoyi su fito, namijin da ƙaton hannu ɗaya yana ɗagawa yana saukewa, suna tsintar abinci a laka. Ramukansu ne ke shigar da iska cikin ƙasa. Ga wani kifi mai idanu a saman kai yana tsalle a taɓo da fikafikansa, ga kawa manne a saiwoyi, ga zalɓe a tsaye yana jiran ƙananan kifi da jatan lande da ke ɓuya a nan har su girma su fita teku. Ganyen da ya faɗo ya ruɓe shi ne tushen abincinsu duka. A wurin har iri ya tsiro da kansa, ba wanda ya dasa.

Nan muka sake dasawa. Ƙaguwa ta ɓarnata wasu, don akwai masu cin irin, saboda haka a dasa da yawa. Saura suka kama, kuma ranar da na ga ganyen farko sun buɗe na yi murna sosai. Duk da haka gumin da aka zubar a filin can bai daina yi min ciwo ba.

Wanda zai yi wannan aiki, ya fara zama ya kalli cikar ruwa a daren sha huɗu, ya bi masu tsintar isam kafin ya bi mai riƙe da takarda. Ya kuma sa ido kan kwakwar nipa, wadda aka shigo da ita Kalaba daga Asiya a 1906. 'Ya'yanta suna yawo a kan ruwa, duk inda aka sare mangurof sai ta mamaye, kuma masunta sun ce min isam da kifi ba sa yawa a ƙarƙashinta. A tuge ta tun tana ƙarama, in ta kafu adda ma ba ta isa.