Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sati Uku na Farko da Hular Ƙarfe a Ƙugu

Wancan satin mun tsaya ne a ranar da za a min aikin ƙugu, daidai inda likitan allura yace in zauna bakin gado in lanƙwasa bayana zai min allurar kashe ƙafafu, toh daga nan gaskiya abin da nake iya tunawa kaɗan ne, don sun ƙara min da maganin barci. Na dai san a wani lokaci naji ƙarar guduma can nesa kamar ana gyaran wani abu a maƙwabta, sai daga baya na gane ashe ni ake gyarawa.

Da na farka abu na farko da nayi shine na leƙa ƙafafuna, suna nan, amma kamar na wani aka ara min, ina ce ma babban yatsa motsa yana kallona. An cusa min wani matashi mai kauri a tsakanin cinyoyi an ware su. Maman yara na zaune gefe idonta yayi ja, nace mata ke kuma lafiya, tace "sannu Baban yara, awa biyu fa aka ce min, na ƙirga har na gaji." Sai can wajen yamma jiki ya fara dawowa, daga yatsu yana hawowa sama kamar kiyashi na bin mutum, da ya iso ɗuwawu kuwa sai da na kira sunan Allah.

Bari in tsaya in bayyana aikin da aka min, don har yanzu ƴan uwa idan sun zo dubiya cewa suke an canza min ƙashi. Ba a canza ba. A cikakken aikin canjin ƙugu ana yanke kan ƙashin cinya ne ɗungurungum, wannan mai kama da ƙwallo, a jefar, a soka dogon ƙarfe cikin ɓargon ƙashin a ɗora masa ƙwallon tangaran ko na ƙarfe. Ni nawa ba haka bane. Kan ƙashin yana nan, fere shi aka yi aka cire guringuntsin da ya cinye, sannan aka kifa masa hular ƙarfe, gurbin da yake juyawa a ciki shi ma aka goge aka sa masa kofin ƙarfe. Ƙarfen haɗin kobalt ne da kuromiyum. Wani likitan ƙashi mai suna Derek McMinn a birnin Birmingham na Ingila shi ya fito da samfurin da aka fi sani a 1997, Amurka ma sai 2006 ta amince da shi. Kuma ba kowa ake yi wa ba, an fi yi wa maza da basu kai sittin ba masu ƙashi mai ƙwari da girma, mata da masu ƙananan ƙashi an ga ya fi basu matsala. Ni shekarata 46, likita ya kalli hoton ƙashina yace na dace. A lokacin har wani daɗi naji kamar na ci jarrabawa, ban san wannan jin daɗin ne zai so ya kai ni ya baro ba.

Washegari da safe wata ma'aikaciyar motsa jiki ta shigo, yarinya ce ƙarama da ban fi in haife ta ba amma fuskarta ba wasa, tace "Baba yau za mu tashi." Nace ƴata jiya-jiya fa aka yanka ni. Tace ai shi yasa. Suka zaunar da ni bakin gado ita da nas, ɗakin ya juya min sau ɗaya, gumi ya keto, suka ce in jira in yi numfashi, bayan minti biyu na kama ƙarfen dogarawa na miƙe.

Abin da ya faru a tsayuwar nan har yau in na tuna sai jikina yayi sanyi. Shekara wajen shida ina fama da wani ciwo a matsematsi, ciwo mai nika, duk sanda na taka ƙafar dama sai inji kamar ana goga dutse da dutse a ciki, har na saba da shi, na saba da karkacewa, na saba da neman abin dafawa kafin in tashi daga kujera. Na taka ƙafar nan ina jira ya zo, na ma riga na ciji leɓe. Bai zo ba. Akwai zafi fa, kar wani ya ɗauka babu, wajen yankan kamar an ɗora garwashi, tsokar ɗuwawu kamar doki ya harbe ni, amma wancan na ciki da na sani kamar sunana ya tafi. Na sake takawa don in tabbatar. Maman yara tace min wai dariya nayi, ni dai na san hawaye naji.

Kwana uku aka sallame ni da sanduna biyu da takarda cike da dokoki. Da yake ta baya aka shiga aka yi aikin, dokokin sati shida ne: kar in naɗe ƙugu ya wuce yadda mutum ke zama a kujera madaidaiciya, wato gwiwa kar ta ɗara ƙugu tsawo, kar in harɗe ƙafa kan ƙafa, kar in murɗa ƙafar ciki. A takarda abu ne mai sauƙi. A gida ne zaka gane rabin rayuwar mutum sunkuyo ce. Wayata ta faɗi ƙasa ranar farko na tsaya ina kallonta kamar ta faɗa rijiya. Kujerun falo duk sun min ƙasa sai da aka ɗora matasai biyu, bayan gida sai da aka sa masa wani abin ƙarin tsawo, safa kuwa ba a magana, ɗana na fari shi ke durƙusawa ya sa min, ranar farko kunya ta kama ni shi kuma ko a jikinsa, yana yi yana bani labarin makaranta. Matakala ma da karatunta, in za ka hau lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za ka sauko sanduna da mai ciwon su fara. Na fi kwana biyu ina rikita su, sai in tsaya a tsakiya ina lissafi kamar mai canji.

Sai allurar ciki. Kullum sau ɗaya, kwana 28, a fatar ciki gefen cibiya, don kar jini ya daskare a jijiyar ƙafa, tunda bayan irin wannan aikin gudan jini na iya haɗuwa a sha-raɓa ya ɓalle ya tafi huhu, shi ne abin da likitoci suka fi tsoro a farkon nan. Ni mutum ne da ko jini za a ɗiba sai na kau da kai, ga shi an ce ni zan riƙa soka ma kaina. Maman yara tace ita zata yi, ta yi sau ɗaya hannunta na rawa, nace bari kawai Hajiya, gara in kashe kaina da kaina. Ga doguwar safa mai matsewa da ake sa wa har gwiwa, ga motsa idon sawu sama da ƙasa duk awa. Wajen kwana biyar na tashi naga cinyata ta koma baƙi-baƙi da ruwan ɗorawa tun daga ɗuwawu har bayan gwiwa, kwana biyu kuma abin ya gangaro har idon sawu ƙafar ta kumbura suntum, hankalina ya tashi na kira lambar da aka bani. Nas ta tambaye ni ko sha-raɓar ta yi zafi da tauri in an taɓa, ko ina jin ciwon ƙirji ko numfashi na min wuya, ko akwai zazzaɓi, ko wajen ɗinkin na fitar da ruwa. Duk nace a'a. Tace toh jinin da ya kwanta ne a ƙarƙashin fata yake bin gangare, in kwanta in ɗaga ƙafar in sa ƙanƙara a naɗe cikin tawul, amma in ɗaya daga cikin waɗancan ya bayyana kar in tsaya kiran waya, in taho.

Maganin kashe zafin nan mai ƙarfi kuma ya ɗaure min ciki kwana huɗu, wannan ba zan yi dogon bayani ba, wanda ya sani ya sani, in an baka maganin sassauta ciki tare da shi kar ka yi girman kai.

Dare shi ne wahala. Ni tun ina yaro a gefe nake kwana, yanzu an ce rigingine da matashi a tsakanin ƙafafu, sai in yi barcin awa biyu in farka diddige na min zafi baya ya ƙage, kowa na barci ni ina ƙirga silin. A irin wannan daren ne na fara kallon bidiyon Andy Murray, ɗan wasan tanis ɗin nan na Birtaniya. Irin aikina aka masa a watan Janairun 2019, a watan Yuni ya dawo fili ya ci kofin ƴan bibbiyu a Landan, a watan Oktoba kuma ya ci kofi shi kaɗai a Antwerp ta Beljiyam. Na kalla na sake kalla, mutum na gudu yana birki yana juyi da hular ƙarfe irin tawa. Abin da ban tsaya na lissafa ba shine tsakanin Janairu da Yuni wata biyar ne, kuma shi yana da mutane da aikinsu kenan su tsaya a kansa safe da yamma. Ni kwana goma sha ɗaya nake da shi da yaro mai sa min safa.

Ranar kwana goma sha huɗu aka cire min ƙarafan ɗinkin, nas tace wajen ya haɗe tsaf. Na dawo gida ina jin kaina kamar sabon ango. Zafi ya ragu, na daina shan mai ƙarfin, ina zagaya tsakar gida da sanduna har ina ɗaga su sama in yi taku biyu uku in ga. Ranar ta sha shida da rana ba kowa a gidan sai autarmu, aka buga ƙofa, sandunan suna can jingine nesa da ni, nace haba daga nan zuwa can ɗin. Na tafi lafiya lau wallahi, na buɗe, na karɓi saƙo, a juyowa ne maimakon in ɗaga ƙafa in juya da ƙananan taku kamar yadda aka koya min sai na murɗa jiki a kan ƙafar. Naji wani ƙwas a ciki, wani zafi ya soke ni a matsematsi, daidai inda tsohon ciwon yake zama. Na kama ƙofa na tsaya. Auta na kallona tace "Baba in kira Mama?" nace a'a kar ki faɗa mata. Ko minti biyar ba a yi ba ta faɗa mata.

A mota ba wanda yayi magana. Ƙanina ne ya ja, sau ɗaya kawai yace "Yaya kai ma dai," ya yi shiru. Aka ɗauki hoto muka zauna jira, minti arba'in ɗin nan sun fi min daren tiyatar tsawo, don na san abin da ake nema, an faɗa min tun kafin aiki na dai ji ne da kunne ɗaya.

Likita ya kira mu ya juyo mana da allon kwamfuta. Ya nuna hular tana zaune daram, sannan ya sa biro a ƙasanta, wani ɗan siririn wuri tsakanin ƙwallon da doguwar gaɓar cinya, yace wannan shi ne wuyan ƙashi, kuma duk nauyina a kansa yake sauka. Yace wanda aka yi wa cikakken canji an yanke masa wannan wuyan ba shi da abin karyewa a nan, ni kuwa an bar min nawa, amfanin aikin kenan kuma haɗarinsa kenan, don feran da aka yi da taɓa jijiyoyin jinin da ke ciyar da wurin suna raunana shi na ɗan lokaci, ƙashin sai ya sake gina kansa a ƙarƙashin hular, kuma mafi yawan karayar da ake samu a watannin farko ne. In ya karye ba ɗori, sai a koma ɗakin tiyata a cire hular a yi cikakken canjin da muka guje ma. Nace ranka ya daɗe toh ya karye ne? Yace bai karye ba, tsoka ce na fizga, ƙarar kuma ana jinta a farko saboda naman da ke riƙe da gaɓar bai gama ɗaurewa ba. Ya ƙara da cewa rashin jin zafi ba shi ke nuna ƙashi ya warke ba, ba gudu ba tsalle ba ɗaukar kaya mai nauyi sai ya ce, kuma kar in sa rai kafin wata shida, wataƙila ma shekara.

Maman yara duk bayanin nan bata ce uffan ba sai da ya gama, sannan tace "Likita dan Allah maimaita masa na wuyan ƙashin, a hankali." Ya maimaita.

Kwana huɗu na koma baya, ƙafar da nake ɗagawa cikin sauƙi sai da na riƙa tallafa mata da hannu in zan hau gado, ma'aikaciyar motsa jikin nan da taji labari bata yi faɗa ba, ta dai mayar da ni atisayen satin farko, matse ɗuwawu, jan diddige a kan gado, ware ƙafa gefe, sau goma-goma sau uku a rana, ni da nake ganin na wuce ajin. A gida kuma aka naɗa auta mai gadi, duk inda na zauna sai ta jawo sandunan ta ajiye min a cinya, in na miƙe ba su ta kwala kiran uwarta tun kafin in gama miƙewa.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo labarin komawata asibiti a sati na shida, da maganar gwajin jinin da likita yace za a riƙa min lokaci-lokaci don auna kobalt da kuromiyum, da yadda muka kwashe da maman yara a kan makullin mota, wanda har yau da nake rubutun nan ban san inda ta ɓoye shi ba.