Inda na kai da kulochin babur ɗin daji: ɗaurin noti

'Yan uwa masu koyo, aikin kulochin babur ɗina ya kawo wajen mayar da kayan da na kwance, kuma abin da ya fi cin min lokaci ba jera farantai ba ne, ɗauri ne.

Babban notin tsakiya na fara da shi. Shi yana son ƙarfi sosai, a injina da yawa za ka ga littafi ya ce wajen 60 zuwa 80 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan), amma kowa ya duba na injinsa, kar wani ya ɗauki lambar wani. Matsalar ita ce kana ɗaurewa kwandon ciki, wanda farantan kulochi ke zama a jikinsa, yana juyawa tare da kai, to akwai ƙarfen da ake riƙe shi da shi, shi za ka nema, don Allah kar ka cusa sukundireba tsakanin haƙoran kwandon don ya tsaya, alminiyon ne, yana ɓallewa ka shiga sayen sabo. Washar da ake lanƙwasawa a jikin notin ma sabuwa na sa, tsohuwar an riga an lanƙwasa ta an miƙe, ta gaji.

Sai ƙananan kusoshin sifirin (spring) da ke danne farantan, waɗannan su ne masu yaudara. Yawanci milimita 6 ne, kuma wajen 10 Nm kawai suke so, wato kaɗan ne ƙwarai, hannu yana gaya maka ai bai ɗauru ba ƙara kaɗan, kana ƙarawa sai kan ya tsinke ko tiredin da ke cikin alminiyon, wato zaren da kusa ke bi, ya cinye. Da yatsu na fara shigar da kowanne ya kama, sannan na riƙa bi kaɗan kaɗan, in juya wannan in tsallaka na gabansa in dawo na gefe, zagaye bayan zagaye har farantin sama ya zauna daidai. In ka ɗaure ɗaya tamau kafin sauran, farantin karkacewa yake, kuma daga baya za ka ji kulochin yana ja ko da ka matse hannun kulochi.

Sifana mai ma'auni fa ba ɗaya ba ce. Babbar da ta fara daga 40 Nm ba za ta auna maka 10 ba, sai ƙarama. Da ta yi ƙas ka tsaya, kar ka sake ja wai don tabbatarwa. Ku kuma lura da ma'aunin da aka rubuta gefen lambar, don ban da Nm akwai ft-lb da in-lb, 10 Nm bai wuce 7 da ɗan ɗori a ft-lb ba, a in-lb kuwa kusan 88 ne, mutum ya rikita su ya yi ɓarna.

Maganar mai a tiredi kuma, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da kake sa wa sifana gogayya ce ke cinye shi, ɗan ragowar ne ke jan kusar. To in ka shafa mai inda littafi ya ce a bushe, lamba ɗaya ce amma ɗaurin ya zarce. Inda aka ce a sa Loctite, wato gam ɗin da ke hana kusa kwancewa, shuɗin ya isa, jan nan sai da wuta yake kwancewa.

Kusoshin murfin kulochi tsayinsu ya bambanta, dama tun wajen kwancewa na zana murfin a jikin kwali na soke kowacce a gurbinta. Yanzu gaskit ɗin murfin, mai hana yoyon mai, nake jira, da ya zo in rufe in zuba mai in saita wayar kulochin.