Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Zane Ba Ya Zama a Kan Ƙashi

Wancan makon na tsaya inda aka sa ranar aurena, na ce yau zan kai ku gidan miji. Ku yi mini haƙuri, ba za mu isa ba tukuna. Shekaranjiya ina kwashe kayan ƙasan akwati sai na ci karo da rigar da na sa ranar da aka kai ni ɗaki. Na ɗaga ta sama, autata ta ce, "Mama, wannan ta wace yarinya ce?" Tun daga lokacin maganar Inna take yi mini yawo a kai, kuma in ban sauke ta ba, ba zan iya wucewa gaba ba.

Inna, mahaifiyar Baba, ita ta riƙe ni a unguwar Bilbis cikin Tahoua tun da aka yaye ni. Kowace safiya sai ta kama dantsena da yatsu biyu, ta matsa kamar mai tayin akuya a kasuwar Lahadi, ta girgiza kai ta ce, "Ɗiyar nan, zane ba ya zama a kan ƙashi." Ni kuwa siririya ce ta gaske. A lakkol sillen kara ake ce mini. Ba hurar da Inna ba ta dama mini ba, da nono mai kauri, ga cuku, ga man shanu a tuwo har ya kwanta a gefen akushi. Ina ci, jikin ya ƙi karɓa.

Na daɗe ina jin haushin wannan magana kafin in gane daga inda ta fito. Shekarata shida a 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari, lokacin da damina ta ƙi kuma Najeriya ta rufe iyaka. Ina tuna mutanen arewa da suka sauko Tahoua bayan dabbobinsu sun ƙare, ina tuna layin karɓar jar dawa ta taimako. Inna ta ga wannan, ta ga ta 1973, kuma ta binne ƴaƴa biyu a wata yunwar da ba ta son a tambaye ta. A wurinta naman jiki rumbu ne: wanda ya tara shi ne zai kai kaka. In ta ga matan Larabawan wajen Abalak da Cintabaradan, waɗanda ake ɗura wa madara tun suna ƴan mata har tafiya ta yi musu nauyi, sai ta bi su da kallo ta ce, "Kin ga ɗiyan mutane." Ban riƙe Inna da komai ba, Allah ya jiƙanta. Wadda na riƙe daban take.

Saura wata biyu biki, a 1997, Goggo ta kira ni ɗakinta ta sakaya ƙofa. Ta kwance bakin zane ta fito da ƴan ƙananan ƙwayoyi farare a leda, da kwalbar wani ruwa mai zaƙi. Wurin masu yawo da magani a tire ta saye su. Ta ce, "Biyu da dare, ki bi da hura. Ba mu kai ma mutane tsinke su ce ba mu iya riƙo ba." Na sha. Wa zai yi wa Goggo musu a gidanmu? Baba kansa ba ya yi.

Cikin mako uku fuskata ta cika ta yi zagaye kamar faifai. Ina tashi tsakar dare in kankare tukunya. Barci kuwa ko ina tsaye. Mata suka riƙa shigowa suna guɗa, suna cewa amarya ta yi kyau, hankalinta ya kwanta. Inna ta matsa dantsena, karo na farko a rayuwata ba ta girgiza kai ba. Wallahi ranar na ji daɗin da ban taɓa ji ba, kuma wannan daɗin ne ya sa na ci gaba da sayen ƙwayar da kuɗina har bayan aure, kusan shekara biyu, a ɓoye. Wannan kam ba Goggo ba ce, ni ce.

Sai bayan shekara goma sha tara wata likita ta faɗa mini sunan abin: deksametazon. Magani ne na gaske, ana ba masu asma da masu kumburi, amma da awo da ƙa'ida. In an daɗe ana sha yana tara ruwa a jiki, yana tura kitse fuska da ciki da ƙeya, ya bar ƙafafu sirara, yana hawar da sukari da tansiyo, yana cin ƙashi. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya, don jiki yakan daina yin nasa sinadarin ya dogara da na ƙwayar. Sai a lokacin na gane dalilin jinyar da na yi ta mako biyu sa'ad da na bari, wadda aka ce iska ce, har aka yi mini turare. Ruwan kwalbar kuwa maganin ƙaiƙayi da mura ne wanda yake buɗe ciki, shi ya sa barci.

Na yi gaba da yawa. Mu koma.

Maigida ya samu rumfa a kasuwar Katako, muka tare a Yamai, a Bukoki. A Tahoua ni ke daka, ni ke ɗebo ruwa, ni ke zuwa kasuwa da ƙafa. A Yamai ga injin niƙa a bakin layi, ga famfo a tsakar gida, ga taksi. Gero ya ja baya, shinkafa da maka suka shigo, da farimasa da safe, da burodi da mayonez, da shayi zagaye uku kowanne da sukarinsa. Haihuwa huɗu, kowacce da wankan jego na kwana arba'in, ana ɗura mini kunun kanwa da gasasshen nama, ba a barina in ɗaga ko tsintsiya. Kowane arba'in na fito da kilon da bai sake komawa ba. Maƙwabtana Zabarmawa suna ba ni labarin hangandi, gasar da matansu ke yi ta ƙiba, suna tsokanata wai da an yi a unguwarmu ni zan ɗauka. A foyandi, taron wuni na mata, ni ake ba kujerar tsakiya. Inna ta rasu a 2003, ta bar ni yadda take so ta gan ni. Sauran shekarun nan ba ni da abin faɗa a kansu, goyo ne da girki.

Yayar maigida ita ce mai cewa a gaban mutane, "Ƙanena ya iya kiwo, ku dubi matarshi." Ita ɗin dai ce, a wani suna a Lazare, da kujerar roba ta karye da ni na zube ƙasa gaban mata fiye da hamsin, ta ce da ƙarfi, "A kawo tabarma, buhun albasar Galmi ba ya zama a kujera." Aka yi dariya. Ni ma na yi, don in ban yi ba kuka zan yi. Na dawo gida na shiga bayi na yi kukan a can. Yaya, in wannan rubutu ya iso gare ki, ban manta ba. Bakin da ya yabi kiwon shi ya kira ni buhu, tsakaninsu bai fi shekara shida ba. Maganar amaryar da aka yi mini bayan nan, da irin rawar da kika taka, tana da nata makon.

Daga ranar kujera na shiga haukan rage jiki. Na sayi shayin da ake talla a WhatsApp, jika goma sha biyar, ashe maganin gudawa ne, kwana uku ina hanyar bayi, kilo biyun da suka tafi ruwa ne, suka dawo kafin Juma'a. Na sha lemun tsami da ruwan zafi har haƙorana suka mutu. Na ɗaure ciki da ɗamarar roba a zafin watan Afrilu na Yamai, wanda ya san shi ya san abin da nake nufi. Na yi azumin Litinin da Alhamis da niyya biyu, Allah ya yafe mini, in an sha ruwa in ci na kwana biyu.

A 2016 ƙishirwa ta kama ni wadda randa ba ta kashewa. Fitsari sau biyar, sau shida a dare. Salla a zaune saboda gwiwa. Lokotoron farko da na gani ko ɗaga kai bai yi sosai ba, ya ce, "Madam, ke kika kashe kanki da ci." Na ɗauki jakata na fita, na yi wata huɗu ban koma ko'ina ba. Da ciwon ya kashe ni a watannin nan, da yana da kaso a ciki.

Ta biyun mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta sa na hau kilo: 112. Tsawona mita 1,62. Ta yi lissafi a takarda a gabana, nauyi a raba da tsawo sau tsawo, ya ba da kusan 43, ta ce daga 25 an fara wuce kima, daga 30 ƙiba ce da likita ke sa wa ido. Sukarin safe kafin cin abinci giram 1,80, alhali daga 1,26 ake kiran shi diyabet. Tansiyo 17 da 10, an fi so ya tsaya ƙasa da 14 da 9. Sannan ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, kin taɓa shan maganin ƙiba?" Ba wanda ya taɓa tambayata. Na ba ta labarin Goggo tun daga sakaya ƙofa. Ba ta ce ƙwayar ce kaɗai ta jawo ba, ta ce akwai gado, akwai abinci, akwai zama wuri ɗaya. Amma ta ce abin da ya tsaya mini: "Ba na neman ki koma budurwa. Ki sauke kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyinki, kilo shida zuwa sha ɗaya, za ki ga sukarin da tansiyon sun sauko." Ta rubuta mini metformin da maganin tansiyo.

Kilo shida. Ni da nake kwana ina lissafin hamsin.

Na sayi takalmin baskat a Babbar Kasuwa, na ce wa mai rumfar na ɗiyata ne. Bayan sallar asuba ni da maƙwabciyata mu tafi filin wasa na Seyni Kountché mu zagaya ta waje, da hijabanmu. Ranar farko minti goma na zauna a bakin hanya ina haki, wasu samari masu gudu suka ce, "Kuraj, Hajiya!" Ban san ko ba'a ce ba, na ɗauka addu'a. Sannu a hankali ya zama minti talatin, kwana biyar a mako, minti 150 ke nan da likitar ta ce. Abinci ban bar na gidanmu ba. Rabin kwano kopto ko dafaffen ganye ko kabeji, tuwo malmala ɗaya maimakon uku, hura ludayi kaɗan ba sukari. Lemun gwangwani na bar shi ranar da ta jera mini ƙwayar sukari bakwai a tebur ta ce ga abin da ke cikin ɗaya. Dunƙulen miya daga biyar na koma ɗaya, gidan suka yi mini bore na wata guda, suka gaji. Shayi ne ya fi ba ni wuya. Har yau in na ji ƙamshin zagaye na uku raina yana biyawa.

Shekara biyu na sauka zuwa 95, a nan na tsaya, kuma a nan nake. Har yanzu babbar mace ce ni, in na shiga taksi ana matsawa. Amma ina sujada da goshina a ƙasa, ina hawa bene in yi magana a sama ba tare da na nemi numfashi ba. Na daina ɗinka baƙi da ruwan ƙasa don in ɓuya. Tela ya ce, "Hajiya, wannan shaddar ba ta yi haske da yawa ba?" Na ce ɗinka, jikina ne zai ɗauka. Inna ta ce zane ba ya zama a kan ƙashi, to nawa ya samu wurin zama har da saura.

Bara muka je Tahoua neman albarkar dangi saboda auren ɗiyata ta fari. Tun daga tasha aka fara. "Mi ya same ki?" "Ko kishiya ta saka ki gaba?" Wata ta ce sammu ne, wata ta rage murya ta ambaci ciwon da ba a son faɗa. Kilo sha bakwai da na sauke da gumina, a Bilbis sun zama abin jaje. Goggo, ta tsufa yanzu, ido ɗaya ya tafi, ta shafa fuskata ta yi hawaye ta ce wai Yamai ta cinye ni.

Kwana na uku na nemi ɗiyata ban gan ta ba. Siririya ce, jikina na da ta ɗauko. Na ga ƙofar Goggo a sakaye. Ban yi sallama ba, Allah ya gani. Na tarar da ita tana kwance bakin zane, ga ledar, ga ƙwayoyin nan farare, ba abin da ya canza ko girmansu. Tana ce wa yarinyar, "Biyu da dare. Kakarku ta ce zane ba ya zama..." Ban bari ta ƙarasa ba. Na karɓe ledar daga hannunta, na wuce da ita masai na jefa, na dawo na durƙusa na ce, "Goggo, ki gafarce ni, amma wannan ɗiyar a haka za a kai ta." Ta juya mini baya ta fuskanci bango.

An yi bikin, an kai yarinya da kilonta 49. Goggo ba ta zo Yamai ba, ta aiko da tabarma da cuku. Duk Juma'a ina kiran wayar gidan, duk Juma'a sai yaron da ya ɗauka ya ce mini tana salla.